Ɗurin Bindiga a Ƙasar Ƙaura Namoda: Yadda Sabon Maharbi Yake Farawa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sana'ar sha'awa da masu farauta da masu gasar harbi suke yi a gidajensu, watau sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba. Mutum yakan sayi 'yar na'urar matsawa da ma'auni da littafin da kamfanoni irin su Lyman da Hornady suke bugawa, ya zauna shi kaɗai yana bin abin da aka rubuta. A ƙasar Hausa ba a san wannan ba sosai, amma akwai abin da ya yi kama da shi, ya kuma girme shi nesa ba kusa ba, shi ne ɗurin bindigar toka. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta duba yadda sabon shiga yake koyon ɗuri a arewacin Zamfara, watau Banga da sauran garuruwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, da kuma abin da yake faruwa idan aka tsallake koyon aka ɗauki bindigar.

Kalmomin sana'ar

Ya kamata a fara da kalmomi, domin su ne suke riƙe da tarihin abin. Bindiga da albarushi da harsashi duk aro ne daga Larabci. Asalin kalmar harsashi ma a Larabci tana nufin dalma ne, watau an kira abin da sunan ƙarfen da ake yin sa da shi. Wannan ya nuna ta hanyar da Bahaushe ya fara jin labarin makamin, ko da yake daga baya yawancin bindigogin ta kudu suka riƙa shigowa, daga hannun fataken Turawa na bakin teku. Sunan da Turawan Ingila suka ba irin wannan bindiga ma daga ƙasar Denmak ya samo asali, saboda 'yan kasuwarta da suka yi cinikinta a gaɓar Afirka ta Yamma.

Sunayen da Bahaushe ya raɗa mata da kansa sun fi armashi. Yana ce mata bindigar toka, saboda garin da ake zuba mata da hayaƙin da take tayarwa. Yana ce mata adaka, wanda kunnen mai sauraro yake jin "a daka" a cikinsa, ya tuna yadda ake danna ɗuri da sanda. Yana kuma ce mata harba-ka-ruga, wannan kuwa ba'a ce mai gaskiya a ciki: harbi ɗaya take yi, idan bai samu ba, ɓauna ko gyado ba za su tsaya jiran a sake ɗurawa ba. A karin harshen Zamfara ba a cewa harbi, sai halbi, masu sana'ar kuwa mahalba. Shugabansu har yau Sarkin Baka ake ce masa, ba Sarkin Bindiga ba, wanda ya isa shaida cewa kwari da baka ne tushen sana'ar, bindiga baƙuwa ce da ta zo ta tarar da gida a kafe.

Tarihi ya goyi bayan wannan. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye dakaru masu bindiga. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 kibiya ce ta yi aiki a ɓangaren jama'ar Shehu. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato, ya nuna sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta fara yin tasiri na sosai. A wannan zamani ne Sarkin Damagaram Tanimu (1851 zuwa 1884) ya sa aka riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a Zinder. Yarjejeniyar Birasal ta 1890 kuwa ta hana shigo wa 'yan Afirka da bindigogin zamani, ta bar masu irin ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka ba don rashin wayo talakan ƙasar Hausa ya tsaya a kan adaka ba, ita aka bar masa.

Matakan koyo

Ba wanda yake fara koyon ɗuri da riƙe bindiga. Yaron da zai zama mahalbi, yawanci ɗan gado ne ko wanda aka damƙa wa wani dattijon mahalbi, yakan daɗe yana ɗaukar burgami yana bin maigidansa a baya. A cikin burgamin nan akwai ƙaho ko 'yar gora ta albarushi, da ƙunshin harsashi, da tsumma. Aikinsa na farko shi ne tsaron garin daga abu biyu, ruwa da wuta. Idan raɓa ta taɓa albarushi ya mutu, idan tartsatsi ya taɓa shi ya tashi gaba ɗaya. Don haka tun kafin yaro ya san inda kunama take, ya riga ya san ba a kai burgami kusa da murhu, ba a shan taba a kansa, ba a kuma rataye shi inda ƙannensa za su kai hannu.

Mataki na biyu shi ne wanki. Albarushin gargajiya yana barin dauɗa mai kauri a cikin bututu, dauɗar kuma tana jawo laima, laima ta jawo tsatsa. Bututun da tsatsa ta ci ta ciki ana iya ganinsa sumul ta waje alhali ya zama kamar ƙwan da aka fafe. Yaro yakan wanke, ya busar, ya shafa mai, sau da yawa har ya gaji. Amfanin wannan wahala shi ne ya san bindigar maigidansa kamar tafin hannunsa, ya san tsawon da sandar ɗuri take shiga idan babu komai a ciki. Wannan sani ƙarami ne a ido, amma shi ne yake hana babban haɗarin da ya fi kama sababbin shiga, watau ɗuri a kan ɗuri. Mutum ya manta ya ɗura jiya, ko wani ya ɗura bai faɗa masa ba, ya sake zuba wani a kai. Wanda ya saba, da ya zura sanda ya ga ta tsaya sama da inda ta saba tsayawa, ya san akwai abu a ciki.

Sai bayan wannan ake barinsa ya ɗura, maigida na tsaye a kansa. Tsarin kansa ba wuya gare shi ba: gari ne a ƙasa, sai tsumma ya tare shi, sai harsashi, sai wani tsumman ya riƙe, a danna har kome ya zauna ba rata a tsakani. Abin da yake da wuya shi ne awo. Baturen da aka ambata a farko yana da ma'auni da littafi, garinsa kuma daga masana'anta ɗaya yake, ƙarfinsa bai canzawa. Mahalbin Zurmi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Garin da ya saya bana ba lalle ya yi ƙarfin na bara ba. Bindigarsa maƙeri ne ya ƙera ta da hannu, babu biyu da suke daidai, wata ma da bututun famfo aka yi ta, wanda ba don ɗaukar irin wannan ƙarfi aka yi shi ba. Saboda haka awon da ya dace da wata bindiga yana iya fasa wata. Ilmin nan ba ya rubutuwa, a hannun maigida yake, shi ya sa duk wanda ya ce zai koya daga jin labari a majalisa ya sa yatsunsa da idanunsa a caca. A garuruwan mahalba ba a rasa dattijo mai gundulmin hannu, kuma ba kasafai dabba ce ta yi masa ba.

Akwai ladubban da ake cusa wa yaro tare da wannan. Ba ya sa fuskarsa a kan bakin bindiga lokacin da yake dannawa. Idan ya ja kunama ba ta tashi ba, ba ya juyo ta ya leƙa, domin wuta takan yi jinkiri a cikin gari mai laima sannan ta kama. Ba ya nuna ɗan'uwansa da ita ko da wasa, ko da ya tabbata babu ɗuri. A nan al'ada da addini sun haɗu, domin akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya hana nuna ɗan'uwa da makami, saboda Shaiɗan yana iya fizgar hannun mutum. Layu da guraye da ake ɗaura wa gindin bindiga su ne suka fi jan hankalin masu nazarin al'ada, har aka yi ta rubutu a kansu, amma a ganin mai lura waɗannan ladubba marasa ado su ne ainihin tsarin da yake kare mahalbi.

Garin zamani da dalma

Abubuwa biyu sun shigo waɗanda iyayen gidan da ba su san su ba. Na farko shi ne garin da yake cikin harsashin zamani, irin na bindiga mai baki biyu ko ta soja. Wannan gari, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙago a 1884, ba albarushi ba ne, ko da yake a ido ana iya ɗaukarsa haka. Ƙarfin da yake tarawa a cikin bututu ya wuce abin da bindigar toka za ta iya ɗauka. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a adaka, bam ya haɗa ya kara a kumatunsa. Haka nan wanda ya tsinci kwanso ya ce zai sake cika shi da ka, ba ma'auni ba littafi, ya ɗauko sana'ar Bature ya bar kayan aikinta a can.

Na biyu shi ne dalma. An daɗe ana narka ta a gida ana yin harsashi, ba a ɗauke ta a bakin kome ba. Mutanen Zamfara sun ga abin da take yi a 2010, lokacin da gubarta ta kashe yara wajen 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gaskiya ne daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje waccan guba ta fito, amma dalmar ɗaya ce, kuma yaro ƙarami da mace mai ciki ta fi yi wa illa. Narka ta a tsakar gida, a kan murhun da ake dafa tuwo, ko da cokalin da za a mayar kicin, ganganci ne.

Doka da halin da ake ciki

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake ba da lasisinsu, sannan akwai masu ɗuri ta baki, waɗanda aka bar al'amarinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko haɗa harsashi ba tare da izini ba. Watau abin da yake sana'ar sha'awa a Amurka, a Nijeriya laifi ne ga wanda ba shi da takarda.

Sai dai a arewacin Zamfara maganar ta wuce ta farauta. Dazuzzukan da mahalba suke shiga a da, irin su Dumburum a ƙasar Zurmi da Sububu ta wajen Shinkafi, sun zama mafakar ɓarayin daji. Kalmar 'yan bindiga kanta ta sauya ma'ana: a da dakarun sarki ne masu buga adaka a hawan salla, yanzu kuwa in an faɗe ta a rediyo kowa ya san masu satar mutane ake nufi. A 2022 gwamnatin jihar ta shawarci jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga, hukumomin tsaro na tarayya suka ce gwamna ba shi da wannan iko. A farkon 2024 aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara. A 2025 Banga kanta ta shiga labaran duniya, lokacin da aka kashe mutane fiye da talatin daga cikin waɗanda aka sace a garin, bayan an biya kuɗin fansa.

A irin wannan hali ba abin mamaki ba ne manomi ko ɗan tireda wanda bai taɓa bin mahalbi daji ba ya je wurin maƙeri ya yi odar adaka. Ba a ga laifinsa ba, tsoro ne ya kai shi. Amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da yaron mahalbi yake koya a shekaru, shi yana so ya koya a dare ɗaya, kuma yakan ɗauka yawan gari shi ne yawan ƙarfi, sai ya ƙara. Yakan ajiye ta a ɗure a bayan ƙofa, a ɗakin da yara suke shiga da fita, ta yi makonni a haka har ya manta ko da ɗuri ko babu. Dattawan da za su tsaya a kansa su gyara masa hannu kuwa suna ta raguwa: wasu sun rasu, wasu sun yi gudun hijira zuwa Ƙaura Namoda da Gusau, wasu kuma suna cikin sintirin tsaron gari, ba su da lokacin ɗaukar almajiri.