Me mai tafiya a ƙasa zai gani a tsohon birnin Kano?

A kowace safiya, motocin haya na ɗauko fasinjoji daga Tsanyawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, su bi ta Bichi da Dawanau, su sauke su a Kano.

Akasarin matafiyan dai kasuwa ce ko asibiti ke kawo su, kuma sukan koma gida kafin magariba ba tare da sun taka cikin tsohon birnin ba.

To sai dai hanyar Katsina da suke biyowa tana zubewa ne a arewacin birnin, kusa da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal, inda tarihin Kano ya faro. Daga nan, mutum na iya ratsa tarihin fiye da shekara dubu da ƙafarsa a cikin yini guda.

Dutsen Dala

Zango na farko shi ne Dutsen Dala. Binciken masana ya nuna cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a gindinsa.

Littafin Tarihin Kano ya ce a nan Barbushe ya jagoranci bautar Tsumburbura, kafin Bagauda ya kafa sarautarsa a wajen shekarar 999.

Daga ƙolin dutsen ana hango Gwauron Dutse ta yamma, da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a ta kudu.

Sunayen unguwanni

Idan aka sauko aka nufi kudu, sai a faɗa lungunan da mota ba ta iya shiga. A nan ne tafiyar ƙasa ke da riba, domin sunayen unguwanni kansu tarihi ne.

Ana danganta Madabo da Wangarawa, malaman Mali da suka iso Kano zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Sharifai kuwa ana alaƙanta ta da zuriyar Shehu Maghili, wanda ya zo a ƙarshen ƙarni na 15.

Dandalin Turawa masaukin Larabawan Arewacin Afirka ne, domin su ake kira Turawa kafin zuwan mutanen Ingila. Sunan Alfindiki ya fito ne daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake.

Haka Agadasawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi, unguwar Yarabawa, kowace na bayyana inda mutanenta suka fito.

Abin da ya tara waɗannan baƙi shi ne Kasuwar Kurmi da ke gefen Jakara, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. Har yanzu ana sayar da kayan doki da na fata da turare a cikinta.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu.

Fada da marina

Kudu da kasuwar ne ake isa Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, wadda Rumfa ya gina a zamanin mulkinsa, tsakanin 1463 da 1499.

A gefenta akwai babban masallacin Juma'a, wanda aka sake ginawa zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A filin Ƙofar Kudu ne mahaya ke jafi a lokacin hawan Daushe, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Daura da fadar akwai Gidan Makama, wanda a yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A ciki ana iya ganin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da makamai da hotunan farkon mulkin Turawa, waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairun 1903.

Tafiyar na ƙarewa ne a gabas, a marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce an kafa ta a 1498. Marina na haɗa baba da toka a cikin ramuka masu zurfi kamar yadda kakanninsu suka yi, amma da yawa daga cikin ramukan sun bushe, saboda yadin da ake shigowa da shi daga waje ya fi araha.

Ina ganuwar take?

Abin da mai tafiyar zai sha wahalar gani shi ne ganuwa, wadda Kanawa ke kira badala.

Sarki Gijimasu ne ya soma gina ta tsakanin 1095 da 1134, sannan Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa ta.

A yau ruwan sama ya zaizaye wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun haƙe wani, yayin da gidaje da shaguna suka hau kan ragowar. An kuma rushe wasu ƙofofi domin faɗaɗa tituna, kamar Ƙofar Na'isa a 2010, aka sake gina su da siminti.

Kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin daga cikinsu, waɗanda ke tara ruwan damina, su ma ana ta cike su ana yanka filaye, abin da masana muhalli ke dangantawa da ambaliya a cikin birnin.

A 2007 Najeriya ta miƙa wa UNESCO sunan ganuwar da wuraren tarihin da ke tattare da ita a jerin share fage, amma ba ta shiga cikakken jerin wuraren tarihi na duniya ba.

Masu kishin tarihi na cewa ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe duk shekara, aikin da a da jama'ar birni da na karkara ke yi tare bisa umarnin sarki. Tun da aka daina wannan gayya, kowace damina na rage abin da mai tafiya a ƙasa zai tarar.