BA KOWACE SHIRU-SHIRU CE MAI KUNYA BA

A wajenmu, daga Fassi zuwa Kibiya har Rano, idan yarinya ba ta shiga mutane sai ki ji an ce, "Ai wance akwai kunya," ko a ce miskila ce, wani lokacin ma a ce iska ce ta taɓa ta. Ni kuwa kira nake mu lura, don akwai lalurori biyu da kan ɓuya a bayan wannan shirun.

Ta farko ita ce lalurar gudun mutane, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya a kundinsu a 1980. Mai ita tana son ƙawaye, ranta na biya mata zuwa kamu da wunin biki, amma tsoron a kushe ta ko a yi mata dariya ya ɗaure ta. Tana gane habaici da harara sarai, har takan gan su inda babu. Yawanci lokacin budurci abin ke fitowa fili.

Ta biyu ita ce otizim, wadda Dokta Leo Kanner ya bayyana a 1943. Ita da ita ake haihuwar mutum, alamunta kan bayyana tun ƙuruciya: rashin haɗa ido, wasu da jinkirin magana, nacewa kan abu ɗaya kullum. Zolaya da habaici kan shige mata duhu, ƙarar injin markaɗe ko kalangu na iya gigita ta.

To ya za ki bambance? Tambaye ta a hankali, "Me ya hana ki zuwa bikin?" Ta farko za ta ce, "Za su yi da ni." Ta biyu kuwa, "Hayaniyar ta yi min yawa." Sai dai mai otizim da aka yi ta tsangwama kan iya kamuwa da tsoron mutane ita ma, shi ya sa likita ne mai yanke hukunci.

Don Allah iyaye, duka ba magani ba ne, haka aurar da ita wai "za ta ware a ɗakinta." Ta farko na samun sauƙi ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre. Ta biyu fahimta da koyarwa take buƙata. A kai ta Asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a duba ta.

Allah Ya sa mu dace, amin.