Ba Kowace Karkatacciyar Ƙafa Ce Shan Inna Ba

Yau ƙafa zan taɓo mana.

A Birnin Kebbi ko Argungu, da an ga matashi yana taka gefen ƙafa sai a ce shan inna ce. To amma tun Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar shan inna a Afirka, kuma ita farat ɗaya take kama yaro. Wadda nake nufi a hankali take zuwa, kuma gadonta ake yi. Sunanta Charcot-Marie-Tooth, sunayen likitoci uku da suka bayyana ta a 1886. Tana samun kusan mutum 1 cikin 2,500. A nau'in da ya fi yawa, idan uwa ko uba na da ita, kowane ɗa zai iya gada, rabi da rabi ne.

Me ke faruwa? Jijiyoyin da ke kai saƙo ƙafa ne ke rauni. Wasu tsokoki su saki, wasu su ci gaba da ja. Sai tsakiyar tafin ƙafa ya yi doro, yatsu su lanƙwashe, dunduniya ta juya ciki. Ga yawan tuntuɓe, ga gurɗewa, takalmi kuma gefe ɗaya yake cinyewa.

Idan an je asibiti ƙafar tana da laushi, akan fara da takalmi na musamman da gashi. In tiyata ta kama, likita zai sauya wa igiyar tsoka mazauni, ya gyara ƙashin dunduniya, gaɓoɓi su tsira.

Idan kuwa ta sandare, sai babbar tiyata: a miƙe gaɓoɓi uku da ke ƙarƙashin idon sawu, a ɗaure su da kusoshi har su zama ƙashi ɗaya. Kusan mako 6 ba taka ƙasa, warkewa wata 3 ko fiye. Ƙafa za ta zauna daram, amma juyawa gefe da gefe ta tafi ke nan. Manomin shinkafa a fadamar Argungu zai ji wannan a kan kunya. Kuma tiyatar ba ta warkar da jijiyar.

Shi ya sa nake cewa kar a jira. Wannan ba karaya ba ce, ba aikin mai ɗori ba ne. A nemi likitan ƙashi a asibitin Tarayya na Birnin Kebbi, in ta kama a tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ku duba ƙafafun ƙannenku yau ɗin nan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ƙara mana lafiya.