Sabulun wanzami da ƙamshin kaka a Kalfu

Duk wanda ya taɓa zama bisa tabarmar wanzami a Kalfu, cikin jahar Tawa, da sanyin safiyar hunturu, ya san ƙamshin nan: hayaƙi-hayaƙi, gauraye da na mai da ya sha wuta. Sabulun salo ke nan, wanda matan Adar ke dafawa bayan an kai hatsi rumbu.

Aikin na masu haƙuri ne. Akan ƙone karan hatsi, a zuba tokar cikin tukunya mai huji, a tarbe ruwan da ke ɗiga. Shi ake dafawa da kitsen shanu ko man ƙwallon aduwa, ana tuƙawa har ya yi baƙi, ya kama jikinsa. In toka ta yi yawa, sabulu ya ci fata. In mai ya rinjaya, kumfa ta ƙi tashi. Wanzami kuwa ɗan curi ya ishe shi: ya ciro daga zabira, ya jiƙa, ya murza, aska ta bi gemu ba gardama. Sabulun kanti ya fi shi turare, amma a ganina bai kai shi laushi ba.

Sai dai tun farin 1973 da na 1984, kara ya yi daraja. Manomi na kimshe shi don bisashe, ko ya sayar da rani. Malaman gona kuma na cewa a bar shi kwance don ya tare iska. Kowa da gaskiyarsa. Mai dafa sabulu dai, abin da ta saba kwasa kyauta, yau sai ta kwance bakin zane ta saye.