BAYANI: Yadda tocila, fenti da hular ciki ke raunana hular kwanon ma'aikaci

A wuraren gini da ma'adinai da ayyukan lantarki a Najeriya, ba abin mamaki ba ne a ga ma'aikaci ya huda hular kwanonsa ya ɗaura tocila, ko ya ɗora ta a kan hularsa ta gida, ko kuma kamfani ya shafe ta da fentin tambarinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya rage kariyar da aka ƙera hular domin ta bayar.

Yadda hular ke aiki

Hular kwano kashi biyu ce: ƙoƙon roba mai tauri da ragar maɗauri da ke ciki. Ragar tana barin tazarar kimanin santimita 2.5 zuwa 3 tsakanin ƙoƙon da kai. Idan bulo ya faɗo, ragar ce ke miƙewa ta shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa da wuya.

A ƙa'idar Turai ta EN 397, ana sako ƙarfe mai nauyin kilogiram 5 daga tsayin mita ɗaya a kan hular, sannan a auna ƙarfin da ya ratsa. Hular da ta ci wannan gwaji ta ci shi ne a yadda ta fito daga masana'anta. Da zarar an sauya mata wani abu, shaidar ba ta tabbatar da komai game da sabon yanayinta.

Inda haɗarin yake

Huji yana raunana ƙoƙon, kuma daga bakinsa tsaga ke farawa. Ga ma'aikacin lantarki lamarin ya fi muni. Ƙa'idar Amurka ta ANSI Z89.1 tana gwada hular ajin E da wuta mai ƙarfin bolt 20,000, ajin G kuma da 2,200. Ƙusa ko maƙalin ƙarfe da ya ratsa ƙoƙon yana buɗe wa wutar hanya zuwa kai.

Hula mai kauri ko ƙyalle da aka cusa saboda zafin rana ko sanyin hunturu yana cike tazarar nan, ya kuma ɗaga hular ta yadda za ta zame. Wasu fenti da gam suna ɗauke da sinadaran da ke cin roba, yayin da sitika ke ɓoye tsagar da ya kamata a gani.

Ko kayan da aka saya a shago ma ba duka ke dacewa ba. Abin toshe kunne da ake maƙalawa a hula, ƙa'idar EN 352-3 tana gwada shi ne tare da takamaiman samfurin hula. Idan an haɗa shi da wata, yana iya shiga ramin daidai amma ya kasa matse kunne, ƙarar inji ta ci gaba da shiga.

Wa ke da alhaki?

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da kayan kariya masu dacewa ga ma'aikatan da ke aiki mai haɗari, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ce ke sa ido. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, domin biyan waɗanda suka ji rauni.

Ma'aikacin da ya huda hularsa yakan yi hakan ne domin an tura shi cikin duhu ba a ba shi fitila ba. Mafita tana hannun mai sayen kayan: ya sayi hula da fitila da abin kare fuska waɗanda masana'anta ta amince a haɗa su, ya kuma canza duk hular da aka huda ko ta sha bugu mai ƙarfi, ko da tsaga ba ta bayyana ba.