Aikin ƙarfi kafin wasa: yana ƙara zafin nama ko yana rage shi?

Idan kaka ta yi, aka sa hatsi a rumbu, samari sukan koma fagen kokowa da filin ƙwallo. Tun daga 1975, lokacin da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tahoua, Kantu na Maradi ya ɗauki takobin, kowane yaro mai ƙarfi a ƙauye yana mafarkin kai wa can. Amma ƙarfi kaɗai ba ya kayar da mutum. Ana bukatar zafin nama, wato gocewa, da juyawa, da kai hannu ga ƙafar abokin karawa kafin ya farga.

Akwai gardama tsakanin masu horar da ƴan wasa. Waɗansu sun ce a bar ɗan wasa ya huta sarai har a kira shi. Waɗansu sun ce a sa shi ya ɗaga abu mai nauyi tukuna, don jikinsa ya farka. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya.

A 1996 waɗansu masana biyu na ƙasar Jamus, Güllich da Schmidtbleicher, sun sa ƴan wasa yin yunƙuri da iyakar ƙarfinsu na ƴan daƙiƙoƙi, daga baya suka auna tsallensu, suka tarar ya ƙaru. Tun daga nan an yi ta maimaita irin wannan gwaji a ƙasashe da yawa, da tsalle, da gajeren gudu, da gudun da ake juyawa dama da hagu.

Ga abin da yake faruwa cikin jiki. Tsokar nama tana ƙunshe da ƙananan zaruruwa masu jan juna, ƙwaƙwalwa kuma ita ce take aiko musu da umurni ta hanyar jijiyoyi. Idan tsoka ta yi aiki mai nauyi, zaruruwan sukan ƙara saurin amsa umurni, sai dai wannan yana gushewa cikin ƴan mintoci kaɗan. Abin da yake daɗewa shi ne ɗumin da tsokar ta ɗauka, da kuma shirin da jijiyoyi suka yi. Tsoka mai ɗumi ta fi mai sanyi saurin motsi. Manomi ya san haka: saran farko na safiyar ɗari ba ya kama da na hantsi.

To amma aikin nan guda yana barin gajiya. Tsoka tana da ɗan guzurin ƙarfi da take kashewa cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka idan aiki ya yi tsanani. Wajen rabinsa yana dawowa cikin rabin minti, sauran kuma sai an yi minti 3 zuwa 5. Saboda haka wanda ya sauke kaya ya faɗa fage nan take, ƙafafunsa za su yi nauyi, ya fi yadda yake da farko sanyin jiki. Gajiya tana saurin tafiya, ɗumi yana jinkiri. Tsakanin tafiyar ɗaya da gushewar ɗaya, nan ribar take. Yawancin gwaje-gwaje sun same ta bayan hutun minti 5 zuwa 10. Idan an wuce minti 20 ana zaune, kusan babu abin da ya rage.

Kada mu ruɗi kanmu, ribar ƙarama ce. Ba ta cika wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba, waɗansu ma ba su samun kome. Wanda ya shekara yana horo, ƙafafunsa suka yi ƙwari, shi ne ya fi amfana, kuma gajiyarsa ta fi saurin wucewa. Sabon shiga kuwa, sau da yawa gajiyar kawai yake kwasa. Sannan zafin nama ba a ƙafa kaɗai yake ba. Akwai ido mai ganin inda abokin karawa ya karkata, da hankali mai yanke shawara nan da nan. Ɗaga nauyi ba ya koyar da waɗannan, sai yawan kamawa da mutane daban-daban.

Wanda yake son gwadawa, ya fara da ɗan gudu da miƙa gaɓoɓi na minti 10. Sannan ya ɗauki nauyin da ya saba da shi. Misali, idan iyakar abin da yake iya tsugunawa da shi ya miƙe sau ɗaya tak kilo 100 ne, to ya ɗauki kilo 80, ya tsuguna ya miƙe sau 3, bayansa a miƙe, da mutum biyu a gefensa. Daga nan ya aje, ya yi ta ƴar tafiya a inuwa, ya kurɓi ruwa. Inda babu ƙarfen ɗagawa, tsalle mai ƙarfi sau 5 ko 6 yana yin kusan wannan aiki, kuma bai kai shi gajiyarwa ba. A gwada a ranakun horo, a ga mintin da ya dace da jikin mutum. Ranar da makaɗa suka cika fage ba ranar gwaji ba ce. Yara da masu ciwon baya, ko gwaiwa, ko hawan jini, su bar wannan sai sun ga likita.

Wani abu daban shi ne aikin jiya. Wanda ya wuni yana lodin buhuna ko haƙar rijiya, alhali bai saba ba, tsamin jiki yakan kama shi sosai bayan kwana 1 zuwa 3, ƙarfinsa da saurinsa su ragu. Hutun minti 10 ba ya maganin wannan. Idan ƙauye yana da ɗan kokowar da zai fita ranar Juma'a, a ɗauke masa aiki mai nauyi tun daga Talata.