Bayyana Fihirisa a Rumbun Bayanai na Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman magana ɗaya a babban littafi ya san amfanin fihirisa. Haka abin yake a rumbun bayanai na kwamfuta: idan babu fihirisa, dole na'ura ta bi jadawali layi bayan layi kafin ta gano abin da ake nema. Sai dai kowace fihirisa tana cin wuri, kuma duk layin da aka ƙara sai an gyara ta. Manufar wannan ɗan bayani ita ce a duba abin da ake nuna wa mai kula da rumbu idan ya rubuta umurni yana tambayar halin fihirisoshinsa.

Yadda Ake Nuna Ta

A rumbun MySQL, umurnin SHOW INDEX yana ba kowane gurbi na fihirisa layinsa, watau fihirisa mai gurbi uku takan fito a layi uku, mai karatu ya harhaɗa da kansa. A PostgreSQL kuwa, umurnin \d yana jera kowace fihirisa a layi ɗaya ƙarƙashin jadawalinta. Umurnin \di+ yana ƙara girmanta, kuma tun fitowa ta 14 a 2021 yana faɗin irin gininta.

Inda Gizo Ke Saƙa

Sunan fihirisa kaɗai bai wadatar ba. A PostgreSQL ana iya gina fihirisa ba tare da an hana rubutu a jadawali ba, amma idan ginin ya katse sai ta zama gurguwa: ba a neman kome da ita, alhali tana iya ci gaba da nauyaya rubutu. Umurnin \d yana yi mata tambarin INVALID, wanda kuwa bai lura ba zai zaci lafiya lau take. Har ila yau, rumbun yana ƙirga sau nawa aka yi aiki da kowace fihirisa, amma \d ba ya nuna ƙidayar. Sai an tono ta a wani jadawali dabam.

Kammalawa

A ganinmu, kyakkyawan nuni shi ne mai amsa tambaya uku wuri ɗaya: me fihirisar ta ƙunsa, lafiyarta ƙalau, kuma ana amfani da ita? Ta haka ne mai kula da rumbu zai san wadda zai bari da wadda zai rushe.